Yaro yana rattaba karatu a allo amma bai san abin da ya karanta ba, ina gizo ke saƙar?

Madam_CP_Zariya
Assalamu alaikum malamai da iyaye. Ina riƙe da ajin CP, wato aji biyu na firamare, a wata lakwal ta gwamnati a nan cikin Maradi, yarana sun haura 80. Akwai abin da ya daɗe yana damuna. Yaran da ake cewa su ne gwanayen aji, in na rubuta jimla a allo sai su karanto ta tiryan-tiryan ba gargada. Amma in na tsaya gaban allon na ce to wa ya tafi kasuwa a cikin jimlar nan, me ya sayo, sai a yi tsit. Ko na juya tambayar da Hausa, kaɗan ne ke iya haɗa amsa mai kai da gindi.

Ni a ganina mun ɗora karatu a kan yaran da ba mu taɓa koya musu sauraro da bayani da baki ba. Shi ya sa na fara ware minti 15 kowace safiya: in ba su ɗan labari, in yi tambayoyi, su kuma su maido mini da shi da bakinsu. Wani abokin aikina ya ce ɓata lokaci nake yi, wai hira ba karatu ba ce, kuma ba zan gama abin da aka tsara mini na shekara ba. Ku da kuka riga mu a aikin nan, me kuka gani?

Mushe_MaiAlli
Wa alaikumus salam Malama. Kada ranki ya ɓaci, amma ina bayan abokin aikin naki. Ɗan Maradi da ya tashi yana jin cinikin kasuwa tun yana goye, shi za a koya wa magana? Ki saurare su lokacin da aka fita hutu, bakinsu ba ya rufuwa. Abin da ya rasa shi ne baƙaƙe da haɗa su. Minti 15 kullum, ki lissafa a wata nawa ne. In anspekta mai duba makarantu ya zo kaye, wato littafin rubutu, zai buɗe, ba zai tambaye ki tatsuniya nawa kika yi ba.

Uwar_Tagwaye
Ni ba malama ba ce, uwa ce. Abin da Madam ta faɗa shi nake gani a gida. Ɗiyata tana CE1, wato aji uku, tana zama ta rera darasinta har maƙwabta su ce ma sha Allah. Ranar nan na ce ta gaya mini da Hausa abin da labarin ya ce, sai ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta. Kuma yarinya ce mai wayo, in na aike ta da saƙo uku ba ta mantawa da ko ɗaya.

Konseye_Tasawa
@Mushe_MaiAlli surutun fili daban, maganar aji daban. A fili yaro yana cewa "ba ni", "kai ne", "ga shi can", hannu da ido suna cika masa sauran. Rubutu ba shi da hannu ba shi da ido. Duk abin da ake nufi yana cikin kalmomin, kuma jere suke: da farko, daga nan, saboda haka, amma, da a ce. Yaron da bai taɓa bin labari daga farko zuwa ƙarshe da kunne ba, bai taɓa faɗin dalilin abu da bakinsa ba, ba zai tsinci wannan a takarda ba.

Masu bincike sun daɗe da tsara maganar nan. A 1986 wasu masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, suka ce fahimtar karatu abu biyu ne ake ninkawa da juna: iya fitar da sautin abin da aka rubuta, da fahimtar harshen in an ji shi da kunne. Ninkawa fa suka ce, ba tarawa ba. Duk wanda ya koyar da lissafi ya san in ɗaya ya zama sifiri, sakamakon sifiri ne, komai girman ɗayan. Yaran Madam sun samu na farko. Na biyun ne ya yi ƙasa, ga shi kuma da Faransanci ake nemansa, harshen da yawancinsu ba su ji shi a ko'ina sai cikin aji.

Kuma ba Maradi kaɗai ba ce. A binciken PASEC na 2014, mai auna karatun yara a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, cikin yaranmu na Nijar na ƙarshen firamare ko 1 cikin 10 bai kai matakin da ake so a karatu ba. A na 2019 an ɗaga zuwa wajen 3 cikin 10. An ci gaba, amma har yanzu mafi yawa suna fita CM2, ajin ƙarshe na firamare, ba su fahimtar abin da ke gabansu.

Mushe_MaiAlli
Na ji, Malam Konseye, kuma ban musa lissafin ba. Sai dai ninkawar nan ta kowane gefe take ci. Na karɓi yara a CE2, wato aji huɗu, da ba su bambanta b da d. Waɗannan ko an kwana ana ba su labari sifirinsu yana nan.

Konseye_Tasawa
Gaskiyarka. Ba wanda ya ce a ajiye baƙaƙe. Cewa nake kada a kira ɗayan ɓata lokaci.

Tsohon_Direkta
Ƴaƴana, ku bar tsoho ya sa baki. Darasin langaj, wato koyon magana da baki, ba sabon abu ba ne, tun muna yara yana cikin tsarin CI, wato aji ɗaya, da CP. Yadda ake yin sa ne abin dubawa. Malam ya faɗi jimla, aji ya amsa gaba ɗaya, a sake, a sake, sai an haddace. A fito da yara biyu su maimaita hirar da aka tsara musu. In ka canza kalma guda a tambayar, yaro ya tsaya cak. Murya tana tashi har waje, mai wucewa ya ce ana karatu, alhali ba wanda ya faɗi abin da ke ransa.

Sannan ga sambol. Matasan cikinku ba ku same shi sosai ba. Wani ƙashi ne ko gwangwani da ake ɗaura wa igiya, duk yaron da aka ji ya yi Hausa a rataya masa a wuya, shi kuma ya dinga kasa kunne ya kama wani ya miƙa masa. Wanda abin ya yini a wuyansa shi ke shan hukunci. Me yaro ya koya a nan? Ya koyi cewa tsira tana cikin yin shiru. Da yawa daga cikin waɗanda suka koyar da ku a haka suka tashi, shi ya sa har yau ake auna malami da shirun ajinsa. Na yi shekaru ina zagaya azuzuwa, kuma ajin da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ba ka jin muryar kowa sai ta malam.

Madam, ki ci gaba. Abu guda zan ƙara miki: ki rubuta minti 15 ɗin nan a takardar shirin darasinki, da manufarsa, a ƙarƙashin langaj. Anspektan da ya ga manufa a rubuce ba zai ce wasa kike ba.

Madam_CP_Zariya
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Zan rubuta in sha Allah.

Dan_Gobir_Tibiri
Ni abin da ni ka mamaki, mu da munka tashi ana yi muna tatsuniya kullum bayan isha'i, mi ya sa sai Bature ya hwaɗi muna amfaninta? Kakata in ta ce "ga ta nan ga ta nanku" sai mun ce "ta zo mu ji ta" kahin ta ci gaba. In ta kai waƙar da ke tsakiya, mu ka amshi. In ta ga wani ya yi gyangyaɗi sai ta tsaya ta ce to mi Gizo ya ce ma Ƙoƙi? Gobe kuma kai za a ce ka maido ta. Duk abin da Konseye ya lissafa yana ciki. Yanzu ɗiya na gaban waya, tsohuwa na ɗaki ita ɗai.

Hajiya_MaiShago
Amma dai mun taso ana cewa ba a tatsuniya da rana. Iyaye ba za su yi magana ba?

Madam_CP_Zariya
@Hajiya_MaiShago yaran da kansu suka fara gaya mini haka, Hajiya. Sai na ce musu wannan labarin lakwal ne. Ba uban da ya zo da ƙorafi. Wata uwa ma cewa ta yi ɗanta ya hana su barci sai ya ba su labarin kura da akuya.

Gardi_Limanci
Allah ya gafarta malamai. Ina karantarwa a makarantar allo, kuma na ga ana ta sukar hadda kamar ita ce cutar. A wurinmu kunne ne ƙofar karatu. Yaro yana jin Fatiha da ƙananan surori daga bakin malam ya riƙe su kafin ya san babbaƙu, balle farfaru. In na biya masa, bakina yake kallo, ya ji inda na ja da inda na tsaya, in ya kauce ko da wasali guda in mayar da shi. Yaron da ya yi shekara a haka kunnensa ya gogu. Kada ku raina abin da yake zuwa muku da shi.

Konseye_Tasawa
Allah ya gafarta Malam, ba a raina ba. Wannan kunnen da kuke gogewa shi muke nema wajen bambance sauti, kuma malaman CI da yawa suna cewa yaron da ya fara allo ya fi saurin kama shi. Inda muka rabu shi ne manufa. Ku a matakin farko kiyaye lafazi kuke nema, ma'ana tana zuwa daga baya in an shiga littattafai da tafsiri. Mu kuwa yaro yana CE1 za a ba shi matsalar lissafi a rubuce, in bai gane me ake tambaya ba ya faɗi, ko da ya karanta ta da kyau.

Gardi_Limanci
Wannan haka yake. Ai mu ma in an zo karatun littafi, malam yana karanta Larabci yana fassarawa da Hausa kalma bayan kalma. Ba mu taɓa jin kunyar yin bayani da Hausa ba.

Dalibar_ENI
Ina makarantar horon malamai, na yi gwajin koyarwa a wani CI. Tun da an zo maganar sauti bari in faɗi abin da na gani da idona. Malamar ajin tana sa yara su rufe ido. Sai ta ce kafa, ƙafa, in kalma ɗaya ce su bar hannu a ƙasa, in biyu ce su ɗaga. Bata, ɓata. Kara, ƙara. Wannan ba ya ba su wuya, har dariya suke. Daga nan sai ta tsallaka Faransanci da wasan nan dai, ta kawo sautukan da babu su a Hausa, irin p da v da u ɗin nan na tsuke baki. A nan za ka ga hannaye sun rikice, don kunnensu yana jin v kamar b, yana jin p kamar f. Ta ce mini yaron da bai ji bambanci ba ba zai rubuta bambanci ba, sai a yi ta ba shi sifiri a dikte, wato shifta, ana cewa ba ya ƙoƙari. Tana kuma sa su tafa gaɓoɓin sunayensu da na garuruwa, Ma-ra-di tafi uku, Ma-da-run-fa huɗu. Duka bai wuce minti 5 ba, ba alli ba kaye.

Mushe_MaiAlli
To wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, don kai tsaye yake kaiwa ga baƙaƙe. Ƙanwata Allah ya ba da sa'ar karatu. Tatsuniyar ce har yanzu ban ga yadda za a yi ta da yara 80 a ajin zana ba. Nawa ajin zana ne, abin da ke raba ni da maƙwabcina karan dawa ne. In ajinsa suna rera jadawalin ninkawa, ni kaina ba na jin muryata. Ku ce in sa yara 80 su yi magana?

Madam_CP_Zariya
@Mushe_MaiAlli Malam, ga yadda nake yi, ko zai yi maka amfani. Ba na barin su a layi. Ina matso da su kusa a kan tabarma, gajeru a gaba, ni ma in zauna, don in na tsaya a bakin allo na baya ba sa jin komai. Kafin in fara ina ba su abin da za su nema da kunne, misali ku saurara ku ji dabbobi nawa kura ta gamu da su. Yaron da aka ba aikin yi ya fi kasa kunne. A tsakiya in tsaya in ce me kuke jin zai faru, kowa ya juya ya gaya wa na kusa da shi a hankali. Nan take yara 80 sun yi magana, ba 3 da suka saba ɗaga hannu ba. In na tafa sau biyu a yi shiru. Sai in zaɓi wanda zai faɗa, kuma abin da abokinsa ya ce nake tambaya, ba nasa ba, dole ya saurara.

A ƙarshe muna maido labarin da yatsu: wa ke ciki, a ina, me ya faru da farko, sai me, yaya ya ƙare. Daga cikinsa nake ɗauko kalma 3 ko 4 in ba su da Faransanci, mu yi ta amfani da su duk satin, ranar ƙarshe su gan su a allo. Ranar da suka ga kalmar a rubuce sun riga sun san ta, sai ka ga fuska ta washe.

Maganar maƙwabci kuwa, mun daidaita da tawa, lokacin da nake labari ita rubutu take ba nata.

Baban_Sadiya
Ni damuwata ɗaya. Na kai ɗana lakwal don ya iya Faransanci ya samu aiki. Hausa yana da ita a gida. In malama ta ɓata safiya da Hausa, yaushe zai iya abin da na kai shi nema?

Tsohon_Direkta
Ɗana, tambayarka tana kan hanya, iyaye sun yi mini ita ba adadi. Koyarwa da harshen gida ba yau aka fara ta a Nijar ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram inda ake farawa da Hausa kafin a shiga Faransanci. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa tare da Faransanci a matsayin harsunan koyarwa. Kundin tafiyar da ƙasa da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 kuma ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki. To malamar da ta yi bayani da Hausa ba ta saɓa wa kowa ba.

Abin da zan gaya maka daga aiki shi ne, iya bin labari, iya jera magana, iya cewa saboda kaza, sau ɗaya ake koyonsu. Wanda ya iya su da Hausa kalmomi kawai zai nema a Faransanci. Wanda bai iya su da kowane harshe ba kaya biyu ne a kansa. Amma ina tare da kai a nan: kada Hausa ta zama mafakar malamin da ba ya son wahala. Dole yaro ya ji Faransanci mai kyau kullum, ya kuma furta shi da bakinsa, ba amshi kawai ba.

Baban_Sadiya
Na gode Baba. Zan sa ido in gani zuwa ƙarshen shekara.

Malam_Bermo
Ku yi haƙuri, kuna ta cewa Hausa kamar kowane yaro a jihar Maradi da ita ya tashi. Ni a arewacin Dakoro nake. Rabin ajina Fulatanci suke ji a gida, akwai kuma ƴaƴan Buzaye. Wasu sai a lakwal suke fara jin Hausa sosai. In na yi tatsuniya da Hausa su ma baƙi ne a cikinta. Abin da nake yi shi ne in sa babban yaro daga CM ya zo ya maimaita musu da harshensu, in kuma bar su su yi shawarar bibbiyu da duk harshen da suka ga dama.

Anfirmiye_Madarunfa
Bari in shigo ta gefen aikina. Kafin a ce yaro ba ya saurare, a tabbata yana ji. Muna ganin yara da yawa da kunne ke zubar da ruwa ko mugunya wata da watanni, iyaye sun saba har ba sa ɗaukarsa ciwo. Irin wannan yana rage ji. Sanƙarau ma, wanda yankinmu ya sani sarai lokacin zafi, yana iya barin yaro da raunin ji bayan ya warke. Malamai ku lura da yaron da kullum bakinku yake kallo, ko yake juyo da kunne ɗaya, ko sai ya ga abin da na kusa ya yi sannan ya yi. Ku tsaya bayansa ku kira sunansa a hankali. In bai juyo ba, ku dawo da shi gaba, ku ce wa iyayen su kai shi likita. Kada a ɗiga masa komai a kunne a gida.

Uwar_Tagwaye
Allah ya saka da alheri, wannan ban taɓa kawo shi a raina ba. Ni kuma ina ganin har da tarbiyyarmu. Mun koya wa yaro kada ya tsoma baki cikin maganar manya, kada ya kalli babba ido cikin ido, musamman ɗiya mace. Ladabi ne kuma ina son sa. Amma sai ta je aji malam namiji ya tsare ta da ido ya ce yi magana. Wanne za ta bi?

Konseye_Tasawa
@Uwar_Tagwaye Hajiya kin taɓo wuri mai muhimmanci. Ba sai an rushe ladabi ba. Shawarar bibbiyu da Madam ta kwatanta tana taimakon masu kunya, don yarinya ta riga ta gwada maganar a kunnen ƙawarta kafin ta faɗa a fili. Na biyu kuma haƙuri ne. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna a farkon shekarun 1970 ta ga malamai suna jiran amsa wajen daƙiƙa 1 kacal kafin su wuce ko su amsa da kansu. Da aka sa su jira daƙiƙa 3 ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ba sa magana suka fara sa baki. Wannan fa yara ne da ake tambaya da harshen da suka sani. Ina ga namu da zai ji da Faransanci, ya yi tunani da Hausa, ya sake nemo kalma? Ina zama bayan aji ina gani: yarinya ta buɗe baki ke nan, malam ya riga ya ce wani. Ku ƙirga biyar a zuci kafin ku nuna kowa.

Dan_Gobir_Tibiri
Kuma wayar da ni ka kuka da ita, na lura ɗiyana in sun kalli fim ɗin Indiya da anka fassara da Hausa, suna iya ba ka labarinai tun daga farko har ƙarshe ba su tsallake komi ba. Ke nan iyawar tana nan, tambayarsu ce ba mu yi.

Hajiya_MaiShago
Wallahi haka ne. Ni daga yau in na aiki yaro kasuwa sai ya zauna ya ba ni labarin abin da ya gani a hanya.

Mushe_MaiAlli
Wasan rufe ido da ƙirga biyar zan fara su gobe, ba su cin lokaci. Minti 15 na labari kuwa ina nan kan bakana sai na ga sakamako. @Madam_CP_Zariya in an yi jarrabawar zango ki kawo mana makin karatu na ajinki, na bana da na bara, mu duba tare a taron CAPED, taronmu na malamai na ƙara wa juna sani.

Madam_CP_Zariya
Na yarda Malam, zan kawo. Amma da sharaɗi: ban da karanta jimla a allo, a karanta wa yaran ɗan labarin da ba su taɓa ji ba a yi musu tambaya 5 a kai, nawa da naka duka.

Malam_Bermo
In za ku yi wannan gwajin ku turo mini labarin da tambayoyin ta WhatsApp in gwada a nan. Kuma in akwai mai jin Fulatanci a zauren nan da zai iya ɗaukar mini gajeren labari da murya, ya yi mini magana ta gefe.